Yadda Ake Mayar da Kabonet Ya Koma Kostik da Farar Ƙasa a Matatar Alumina

A matatar da ke fitar da alumina (hodar da ake samar da alminiyum daga gare ta) daga boksait (ma'adinin da ake haƙowa mai ɗauke da ita) ta hanyar da ake kira Bayer, ruwa ɗaya ne ke ta zagaye. Ya narkar da alumina a tukwanen dahuwa, a tace shi, ya sauke aluminar, ya koma ya ɗauko wata. Ƙarfinsa duka yana cikin kostik, wato NaOH. Sai dai a kowane zagaye wani ɓangare na kostik ɗin yakan rikiɗe ya zama sodiyam kabonet, Na2CO3, saboda ruɓaɓɓen ganye da saiwa da ke shigowa tare da boksait suna farfashewa a zafin dahuwa, ruwan kuma yana shan kabon dayoksaid duk inda ya haɗu da iska. Kabonet ba ya narkar da alumina, nauyi ne kawai ruwan ke yawo da shi. Farar ƙasa ce ke dawo da shi:

Na2CO3 + Ca(OH)2 → 2NaOH + CaCO3

A takarda magana ta ƙare a nan. A cikin tanki kuwa farar ƙasa na da hanya ta biyu, domin ruwan yana ɗauke da alumina: takan haɗu da ita ta zama TCA, wato Ca3Al2(OH)12, wanda ba ya cire kabonet ko kaɗan, kuma yana tafiya da alumina cikin jar laka, wato ragowar boksait da ba ta narke ba. Aikinka duka shi ne shirya yanayin da farar ƙasa za ta bi hanyar farko.

Abubuwan da za ka tanada

Ƙonanniyar farar ƙasa, CaO, mai saurin kamawa, wadda CaO mai aiki a cikinta ya kai kashi 90 cikin ɗari ko fiye. Rumbun ajiya da ruwa ko raɓa ba sa shiga, da ma'aunin da ke zuba ta bisa nauyi. Injin jiƙo da rariyar cire tsakuwa. Tankin ajiye kwaɓin farar ƙasa mai farfelar juyawa, famfo, da bututun zagaye. Ruwan jiƙo mai tsabta. Tururi ko na'urar musayar zafi. Tankunan haɗi biyu ko uku a jere, kowanne da farfelarsa da rufin hana zafi fita. Ma'aunin gudun ruwa, na zafi, da na kauri. A ɗakin gwaji kuma: kayan gwajin ɗigon asid, mataci, kwalaben roba masu murfi da ke jure zafi, da kwamin ruwan zafi mai juya kwalabe.

Kayan kariya ba zaɓi ba ne: tabarau mai rufe ido ruf, garkuwar fuska, safar hannu ta roba, takalmin roba, da takunkumin ƙura a wurin rumbu. Kafin ka taɓa kowane bawul, je ka buɗe famfon wanke ido da na wanka ka ga suna kawo ruwa. Kostik mai zafi yana cin ido cikin daƙiƙu. Idan ya fantsama, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20, a kuma kira masu jinya tun ana kan wankewa.

Lambobi uku za ka riƙa ji kullum. A shi ne alumina, giram nawa na Al2O3 a lita. C shi ne kostik, wanda ke yawo da kansa da wanda ke riƙe da alumina, ana lissafa shi kamar giram na Na2CO3 a lita. S shi ne C a haɗa da kabonet. Saboda haka S a cire C ya ba ka kabonet, C/S kuma shi ne ma'aunin lafiyar ruwan. Wasu matatu suna lissafa soda da Na2O ne, don haka ka tabbatar da ma'aunin matatarku kafin ka ɗauki lambar wani wuri.

1. Gwada farar ƙasar kafin ta shiga rumbu

Gwaji biyu ake yi wa kowane lodi. Na farko, yawan CaO mai aiki, wanda ake aunawa ta hanyar narkar da samfur a ruwan sukari a ɗiga masa asid. Kada ka yi lissafi da jimillar CaO da ke takardar mai kawowa, domin a cikinta har da dutsen da bai ƙone ba.

Na biyu shi ne saurin kamawa. Zuba giram 600 na ruwa mai digiri 20 a gora mai riƙe zafi, ka zuba giram 150 na niƙaƙƙiyar farar ƙasa, farfela na juyawa, ka duba agogo har zafin ya kai digiri 60. Mai kyau takan kai cikin minti uku ko ƙasa da haka. Wadda ta sha wuta fiye da kima a murhu ramukan jikinta sun toshe, sai ta yi ta jan ƙafa, ta kuma ba ka kwaɓi mai manyan ƙwayoyi. Wadda ta daɗe a ajiye ta sha raɓa da iska ita ma haka: za ka gan ta ta koma gari, zafinta kuma ba ya hawa sosai. Idan dole ce ta sa ka karɓi mai nawa, niƙa ta da laushi, ka ɗuma ruwan jiƙo, ka ƙara mata lokaci a injin.

2. Zaɓi ruwan da za ka yi wa aiki

A nan ake cin riba ko a tafka asara tun ba a zuba komai ba. Iyakar C/S da za a iya kaiwa tana sauka yayin da ruwa ke ƙara ƙarfi. A ruwa mai ƙarfi, kamar na tukwanen dahuwa, TCA ne ya fi zama daram, farar ƙasa kuma can za ta nufa. Shi ya sa zuba ta kai tsaye a tukunyar dahuwa ba ya ɗaga C/S da wani abin kirki, ko da yake ana zubawa a can don wasu dalilai, kamar kama fosfet. A ruwa mai rauni ƙwarai kuwa haɗin yana tafiya lafiya, amma kabonet ɗin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, sai ka cika manyan tankuna kana ɗuma ruwa a banza.

Tsaka-tsakin yana cikin jerin tankunan wanke jar laka. Galibi ruwan da ke malalowa daga tankin wanki na farko ko na biyu ake ɗauka, inda S ke tsakanin giram 100 zuwa 150 a lita. Ɗebi samfurin kowane tanki a lokuta daban-daban na kwanaki da yawa, domin ƙarfinsu yana hawa da sauka gwargwadon ruwan wankin da ake sawa. Idan na farko ya yi ƙarfi, na biyu ya yi rauni, gauraya su har S ta zauna inda kake so. Ruwan kuma ya zama garau. Jar lakar da ta biyo shi tana ɓata gwaji, tana kuma daskarewa a na'urar zafi.

3. Yi gwajin kwalba

Kada ka ɗauki lambar wata matata ka ɗora wa taka. Dattin da ke cikin ruwa, irin su okzalet da fosfet da ragowar ruɓaɓɓen tsiro, ya bambanta daga boksait zuwa boksait, kowanne kuma yana taɓa yadda farar ƙasa ke aiki.

Zuba ruwan a kwalabe, ka ɗuma su zuwa zafin da tankinku ke iya riƙewa. Zuba kwaɓi daga injin jiƙo na matata, ba hodar ɗakin gwaji ba, a matakai huɗu: rabin abin da lissafi ya ce kabonet ɗin ruwan na bukata, kashi uku cikin huɗu, daidai, da kuma ɗaya da kwata. Ɗebi samfur a minti 5, 15, 30, 60 da 120. Tace kowanne nan take da zafinsa, domin muddin ruwa na tare da laka haɗin bai tsaya ba. Auna A da C da S.

Idan ka zana C/S bisa lokaci, za ka ga ya hau da sauri, ya lafa, a wasu kwalaben ma ya fara gangarowa. Ƙololuwar nan ce ke gaya maka lokacin da ya kamata ruwa ya zauna a tanki. Idan kuma ka zana shi bisa yawan farar ƙasa, akwai inda ƙari ba ya ƙara komai. Ka tsaya kaɗan kafin wurin.

4. Lissafa yawan farar ƙasa

Giram 56 na CaO ke juya giram 106 na Na2CO3, wato kilo 0.529 ga kowane kilo. Ga misali da lambobin koyo, ba na wata matata ba.

A ce ruwa na shigowa kubik mita 500 a awa, S tana 130, C tana 104, wato C/S 0.80, gwajin kwalba kuma ya nuna za a iya kai 0.90. Bambancin 0.10 sau 130 ya ba da giram 13 a lita, ko kilo 13 a kubik mita. Sau 500, kilo 6,500 na kabonet ke nan a awa. Sau 0.529, kusan kilo 3,440 na CaO.

Wannan idan kowace ƙwaya ta yi aiki ne, abin da ba ya faruwa. A ce gwajinka ya nuna kashi 60 cikin ɗari ke aiki: 3,440 a raba da 0.60 ya zama kusan 5,730. Idan CaO mai aiki kashi 90 ne, abin da ma'aunin rumbu zai zuba ya kai kilo 6,370 a awa. Abin da ka samu a madadinsa kusan kilo 4,900 ne na NaOH a awa, wanda da sai an saya.

Dubi ɗaya gefen kuma. Kilo 2,290 ɗin da bai juya kabonet ba, idan duk ya zama TCA, kowane kilo yana tafiya da kusan giram 600 na alumina, wato kimanin kilo 1,390 a awa. Alumina ce da aka riga aka haƙo, aka niƙa, aka dafa. Wanda ya riƙe wannan lamba a ransa ba zai riƙa buɗe bawul ɗin kwaɓi da gaɓa-gaɗi ba.

5. Jiƙa farar ƙasa

Kowane kilo na CaO yana sakin zafi kusan kilojul 1,160 idan ya haɗu da ruwa. Da ruwa kilo huɗu ga kilo ɗaya, zafin kwaɓi zai hau da kusan digiri 60, don haka ruwan digiri 25 zai kai ka tsakanin 80 da 90, inda ake so. A wannan zafi dunƙulen yana fashewa ya ba da ƙwayoyi ƙanana masu faɗin fuska, masu saurin narkewa.

Kuskure biyu ne a nan, gaba da baya. Idan ruwa ya yi yawa ko ya yi sanyi, farar ƙasa takan nutse: bayan dunƙulen ya jiƙa ya yi laka, cikinsa ya zauna a bushe, ya fita da tsakuwa ko ya je ya fashe a tankin ajiya. Idan ruwa ya yi kaɗan, wuri ɗaya ya tafasa, tururi ya taso da ƙura, kwaɓi ya yi tsalle ya fantsamo, ƙwayoyin kuma su manne da juna. Da ma'aunin zafin injin ake tuƙa aikin: zafi ya sauka, rage ruwa, ya doshi tafasa, ƙara. Wajen tayar da inji kuwa ruwa ake fara sakewa, farar ƙasa ta biyo baya.

Ruwan da aka samu bayan tururi ya huce ya koma ruwa shi ya fi, amma sau da yawa yana zuwa da zafin da zai sa kwaɓi tafasa, sai a sirka shi. Guji ruwa mai yawan salfet, yana rage saurin jiƙo yana kuma ba da manyan ƙwayoyi. Babban abin gudu shi ne jiƙo da ruwan aiki mai alumina don tsimin ruwa. TCA zai lulluɓe kowace ƙwaya tun a cikin injin, ka kai wa tankin haɗi farar ƙasar da ta riga ta mutu rabi. Idan babu ruwa mai tsabta isasshe, ɗauki na tankin wanki na can ƙarshe, wanda ya fi kowanne rauni.

Kwaɓin ya bi ta rariya kafin tankin ajiya. Ɗauki tsakuwar da ta fito ka duba. Idan ka ɗiga mata asid ta yi kumfa sosai, dutse ne da bai ƙone ba, laifin murhu. Idan ka fasa ka tarar da fari busasshe a ciki, jiƙonka ne bai yi ba.

Kaurin kashi 20 cikin ɗari yana da nauyin kusan kilo 1.12 a lita. A misalinmu wannan ya kai kubik mita 34 a awa, kusan tan 30 a ciki ruwa ne zalla, wanda sai an ƙafar da shi da tururi a gaba. Don haka kada ka tsinka kwaɓi fiye da yadda famfo ke bukata. Bututunsa ya zama mai zagayowa tanki, gudu aƙalla mita ɗaya da rabi a daƙiƙa, reshen da ke zuwa tankin haɗi kuma gajere. Duk inda kwaɓi ya tsaya sai ya kwanta ya toshe.

6. Ɗuma ruwan tukuna, sannan ka haɗa

Ruwan ya kai kusa da tafasa, digiri 95 zuwa 100, kafin ya ga farar ƙasa. Masu sabon hannu sukan haɗa su a sanyaye da niyyar ɗumawa a tanki, kuma a nan ne rabin matsalar ke farawa. Ga dalili.

Farar ƙasa ba ta zama CaCO3 kai tsaye. Cikin 'yan mintuna takan fara zama wani abu mai suna haidrokalumait, ƙwayoyi falle-falle masu ɗauke da kalsiyam da alumina da ɗan kabonet. A mafi kyawun siffarsa kalsiyam huɗu ne ke riƙe da kabonet ɗaya, wato in an tsaya a nan kashi 25 cikin ɗari kawai na farar ƙasa ya yi aiki. Mataki na biyu ne mai riba: haidrokalumait ya haɗu da sauran kabonet ɗin ruwan, ya zama CaCO3, ya sako aluminar da ya riƙe. Wannan matakin yana da nawa, kuma zafi yake so. A lokaci guda TCA na jiran haidrokalumait ɗin nan da duk wata farar ƙasa da ba ta narke ba. Kamar mararraba ce: zafi da ruwa marar ƙarfi sosai suna tura kaya hanyar CaCO3, sanyi da ƙarfin ruwa suna tura shi hanyar TCA.

Idan da tururi kai tsaye kake ɗumawa, ka tuna shi ma ruwa ne da ke tsinka S. Idan na'urar musayar zafi ce, riƙa duba bambancin zafin shiga da fita. Ya fara raguwa, ɓawo ya kama bututun, lokacin wanki ya yi.

Wurin zuba kwaɓi ya kasance inda juyawa ta fi ƙarfi, kusa da farfela ko cikin bututun shiga, ba a saman ruwa gefen bango ba. Inda kwaɓi ya taru wuri ɗaya, kabonet ɗin wurin yana ƙarewa nan da nan, ragowar farar ƙasa ta koma kan alumina. Ka kuma ɗaure famfon kwaɓi da ma'aunin gudun ruwa, yadda in ruwa ya ragu shi ma zai ragu. Ruwa ya yanke kwaɓi na ci gaba da zuba, tanki guda na TCA ka dafa.

7. Ba shi lokacinsa, kada ka wuce

A zafin da bai wuce tafasa ba, yawanci awa ɗaya zuwa uku ake bukata, gwajin kwalba ne zai yanke. A misalinmu, ruwa da kwaɓi kubik mita 534 a awa, na awa biyu, suna son wuri kusan kubik mita 1,070.

Raba shi uku ya fi tanki ɗaya babba. A tanki ɗaya mai juyawa, wani ruwan yana shiga ya fice cikin mintuna da haidrokalumait ɗinsa ɗanye, wani kuma ya yi ta zagaye har ya wuce lokaci. Tankuna uku a jere suna rage duka biyun. Zafin tanki na ƙarshe kada ya faɗi da fiye da 'yan digiri, in ya faɗi duba rufin bango da murfi.

Daɗewa fiye da kima ba alheri ba ce. Bayan ƙololuwa TCA na ci gaba da girma, C/S ya fara komawa baya. Idan an rage gudun matata zuwa rabi, lokacin zama ya ninka ke nan ba tare da kowa ya taɓa komai ba, sai a tsallake tanki ɗaya.

Inda akwai tukunyar matsi, ana yin aikin a wajen digiri 140. Mataki na biyu yana gudu sosai a can, mintuna ke isa maimakon awanni, kason farar ƙasa mai aiki yana hawa, kuma ana iya ɗaukar ruwa mai ɗan ƙarfi. Sharaɗinsa shi ne kiyaye lokaci sosai, domin yadda alherin ke sauri haka komawa bayan ke sauri. Akwai kuma sinadaran da ake ɗigawa don hana TCA tsirowa. Kafin ka yarda da kowanne, gwada tasirinsa a sashen sauke alumina, domin wasu abubuwan da ke hana TCA girma suna hana ƙwayoyin alumina girma su ma.

8. Raba laka da ruwa

Abin da ya fito daga tanki na ƙarshe ruwa ne mai ƙarin kostik da farar laka. Ruwan gaba za shi, wajen ruwa mai ƙarfi. Lakar kuwa baya za ta, cikin jerin wanki, ta fita tare da jar laka.

Kada ka bar farar lakar ta shiga ruwa mai ƙarfi. A can CaCO3 ba ya zama lafiya: yana haɗuwa da kostik da alumina ya koma TCA, ya sako kabonet ɗin da ka sha wahalar kamawa. Sai ka ga lambobin tankin haɗi suna da kyau, amma C/S na matata gaba ɗaya ya ƙi motsi. Mafi kyau a sami tankin kwantarwa na musamman. Idan babu, mayar da haɗin tankin wankin da ƙarfinsa bai wuce na ruwan da ka ɗebo ba, ka kuma sa ido kan tsabtar malalarsa. Ƙananan ƙwayoyin kalsiyam da suka tsere gaba suna wahalar da mataci, abin da ya wuce kuma yana bayyana a matsayin CaO a cikin alumina, abin da masu narka alminiyum ba sa so.

9. Auna, ka karanta abin da lambobi ke faɗa

Ɗebi samfurin shiga da na fita a kowane juyin aiki, a tace da zafi. Kada ka kwatanta C na shiga da C na fita kai tsaye, domin ruwan kwaɓi da tururi sun tsinka komai, har kana iya ganin C ya sauka alhali aiki ya yi. Dabarar ita ce S: juya kabonet zuwa kostik ba ya canza jimillar soda, don haka raba komai da S yana cire tasirin tsinkawa.

Kabonet da aka juya: C/S na fita a cire na shiga, sau S na shiga, sau gudun ruwa. Ninka da 0.529, ka raba da CaO mai aiki da aka zuba, ka sami kason da ya yi aiki.

A/S kuma shi ne ɗan rahotonka. TCA ba ya taɓa C, saboda sodar da ke riƙe da alumina tuni tana cikin lissafin C, amma yana rage A. A misalinmu, idan A na shiga 65 ne, A/S zai sauka daga 0.500 zuwa wajen 0.478 in duk ragowar ta zama TCA. Ga yadda ake karantawa.

C/S bai kai ba, A/S ya faɗi sosai: ko TCA ne, ko haidrokalumait da bai gama juyawa ba. Ɗauki samfurin da ba a tace ba, ka ci gaba da dafa shi awa ɗaya a kwalba. Idan A ya dawo, C/S ya hau, lokaci ko zafi ne ya gaza. Idan bai motsa ba, TCA ne, sai ka duba S, ruwan jiƙo, da wurin zuba kwaɓi.

C/S bai kai ba, A/S bai motsa ba: farar ƙasa ba ta isa tanki ba ko ba ta narke ba. Duba kaurin kwaɓi, toshewar reshe, da tsakuwar rariya.

C/S ya tsaya cak ko an ƙara kwaɓi: ka kai iyakar wannan ruwan a wannan zafin. Ƙari daga nan asara biyu ce, ta farar ƙasa da ta alumina. Rage kwaɓi, ka nemi ruwa mai ɗan rauni ko ƙarin zafi.

Idan ɗakin gwajinku na da na'urar haskawa da ke gane ƙwayoyin ma'adinai, kai mata busasshiyar laka lokaci-lokaci, za ta raba maka CaCO3 da TCA da haidrokalumait da ragowar Ca(OH)2. Idan babu, auna iskar da sananne nauyin laka ke fitarwa in an zuba mata asid. A haɗa da A/S, ya isa a tuƙa aiki.

Idan ƙonanniyar farar ƙasa ta yanke

Ana iya aiki da busasshiyar hodar Ca(OH)2. Kilo 1.32 nata ke maye gurbin kilo ɗaya na CaO, ba ta ba da zafi in an dama ta, kuma sau da yawa ba ta kai sabon jiƙo saurin narkewa ba. Dama ta da ruwan ɗumi, ka sake gwajin kwalba kafin ka yarda da tsohon lissafi.

Wajen tsayar da sashen, fara yanke farar ƙasa daga rumbu, ka bar ruwa ya wanke injin jiƙo, sannan ka rufe reshen kwaɓi ka kora ruwa cikinsa har ya fito garau. Farfelun tankuna su ci gaba da juyawa muddin akwai laka a ciki. Idan wuta ta ɗauke laka ta kwanta, kada ka tayar da farfela a kanta kai tsaye: sassauta ta da ruwa ko iska daga ƙasa tukuna, in ba haka ba sandar farfela ko giyarta ce za ta karye.